Shaidata Ɗaya Ce, Kuma Ita Ta Haife Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin Allah ya ƙara miki haƙuri da mu, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, mutanen garinmu sun cika guruf ɗin nan, ko sallama ba sa amsawa amma babu fostin da ke wuce su. Don Allah ku ba ni shawara, ranar Litinin lauyata take so in ba ta sunayen shaiduna, yau Alhamis, sunan mutum ɗaya tal nake da shi wanda ya gani da ido, kuma na kasa sa shi a takarda. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in na gutsure ba za ku gane inda na maƙale ba.

A Wurno aka haife ni, ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, sai yayar mahaifina, Gwaggo, ta ɗauke ni riƙo ta kai ni garinsu a gefen Goronyo. Ita ta yi mini kitso, ita ta sa ni makaranta, ita ta koya mini turara shinkafa da ɗaurin tafarnuwa, ban san wata uwa ba sai ita. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, namiji, kuma shi ne mijina yau shekara goma sha ɗaya, 'ya'yanmu biyu. Kafin wani ya ce an haɗa ni ne, a'a, ni da bakina na ce shi nake so, har da kukana lokacin da aka so jan lokaci. Manomin rani ne, albasa da tafarnuwa, yana da injin ban ruwa nasa, kuma filin fadama da na gada wurin mahaifina yana manne da nasa, shi yake noma su duka. Gida ɗaya muke da Gwaggo, ɗakinta yana kallon nawa.

Shekarun farko ba ni da abin faɗi, mutum ne mai zafi amma ni ma ba kanwar lasa ba ce, in ya faɗi ɗaya sai na faɗi uku, mu yi mu shirya. Abin ya canza ne tun da ya fara shan ƙwayar nan da 'yan ban ruwa ke sha wai don kada su gaji. Mari aka fara da shi, a kan an kai abinci gona ya huce. Daga mari aka koma tiyon inji, wanda bai taɓa shan tiyo a baya ba ba zai gane ba, ba ya fasa fata amma sai ki yi kwana uku ba ki kwanta rigingine ba. Akwai ranar da ya shaƙe ni a jikin bango har na ga duhu, saboda na tambaye shi ina buhunan da aka ce an kai kasuwa. Akwai ranar da ya jefe ni da sifana yana gyaran inji a tsakar gida, ta same ni a baki, haƙorina na sama ya fita, na tofar da shi a tafin hannuna da jini. Duk wannan da rana tsaka ake yi, yara suna makaranta, maƙwabta suna bayan katanga.

To ga inda na cuci kaina, kuma shi ya sa na ce sai na faɗi komai. Ban taɓa yin ihu ba. Tun ina yarinya Gwaggo ta horar da ni a kan ba a jin muryar matar gidanmu a waje, don haka in ya fara sai in cusa bakin zanina a baki in cije. In ya gama ya fita, Gwaggo za ta dafa ruwa ta zo da tsumma ta gasa mini jiki tana hawaye, sannan mu zauna mu biyu mu shirya abin da za a gaya wa mutane. Mun ƙware wallahi, da ana ba da satifiket a kan wannan da mun rataya a bango. Kumburin ido, ƙofa ce. Ɗingishi, na zame a bayi. Haƙori, na faɗi a bakin turmi, haka na gaya wa mai kemis, haka na gaya wa matan unguwa da suka zo sannu, har wata tana tsokanata wai in rage sauri. Ba hoto ko ɗaya, ba katin asibiti, ban taɓa yin yaji ba, yayana da ke Wurno bai taɓa jin komai ba. A garin nan in ana misalin gida mai zaman lafiya namu ake kawowa.

Abin da ke ba ni mamaki, a lokacin gashin nan ne Gwaggo take ba ni labarin wata kakar kakarsu, Hajo, a zamanin da Sarkin Musulmi ke zama a Wurno, tun kafin zuwan Turawa. Wai mijinta ya cire mata haƙori da ƙotar gatari, ta ƙulle haƙorin a bakin zani, ta taka a ƙasa daga gefen gulbi har Wurno, ta kwance ta ajiye a gaban alƙali. Alƙali ya aika aka tambayi maƙwabta, kowa ya ce ya sha jin kukanta, ya raba auren ba ta mayar da ko wuri ɗaya na sadaki ba. Gwaggo tana faɗin labarin da alfahari, har murya take canzawa in ta zo wurin alƙali, amma ba ta taɓa cewa ke ma ki yi haka ba. Ni ce dai na wanke nawa haƙorin na naɗe a leda na jefa ƙasan akwati, ban ma san me zan yi da shi ba a lokacin.

Wata huɗu da suka wuce aka cire albasa, aka zube ta a tsakar gida muna tsince ruɓaɓɓu ni da Gwaggo kafin a zuba a rudu, rumbun karan da muke ajiyar albasa. Ya shigo wajen azahar idonsa jajir, sai na yi maganar da na daɗe ina juyawa a raina, na ce bana ina so a ware mini albasar filina daban, yara sun girma ina so in riƙa yi musu abu da hannuna. Ya je ya ɗauko ƙotar fartanya. Ya sauke mini ɗaya a kafaɗa, ya sauke ta biyu a cinya na zube cikin albasa, ya ɗaga ta uku yana nufin kaina, sai Gwaggo ta shiga tsakani, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina so ku fahimci wannan da kyau, ba kuskure ba ne, ba wai ya riga ya sako hannu ba ne. Ya gan ta, ya tsaya, ta kira sunansa, ya ce ta kauce, ta ƙi, ya sake cewa ta kauce, ta ɗaga hannunta ta kare, ya sauke mata ƙotar da ƙarfinsa. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya kara.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tabarya tana jingine a bakin turmi, na ɗauka da hannu biyu na maka masa a ka, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, da ya tsaya da na ƙara. Kansa ya fashe, jini ya wanke masa fuska da riga, ya fita da gudu yana kururuwa, daidai lokacin da ake fitowa daga masallaci. Shekara biyar ina cije zani don kada a ji shi, shi sau ɗaya aka taɓa shi sai da ya tara gari. Limami ya gani, mai unguwa ya gani, yara sun bi shi har kemis.

Kafin mutane su shigo, Gwaggo tana durƙushe hannu yana lilo, ta kama wuyan rigata da ɗayan hannun. Ta ce, “Ki rantse mini da Allah, ba ki hwaɗa ma kowa abin da kinka gani. Albasa nit taka nif faɗi. In anka ji ya bugi uwa tai, ya ƙare cikin garin ga.” Na rantse, wa zai ƙi rantsewa a wannan halin. Ta ƙi a kira maɗorin garin don kada ya gane, washegari aka ɗauke ta zuwa wani tsohon maɗori a wani ƙauye ta wajen Rabah, ni na raka ta. Tsohon ya shafa hannun ya dube ta ya dube ni, ya ce, “Wagga karaya ba ta hwaɗuwa ba ta, Hajiya, icce na.” Gwaggo ta ce ya yi aikinsa kawai, ya ɗaure.

Kwana uku bayan nan aka yi zama a zauren mai unguwa, yayana ya zo daga Wurno. Mijina yana zaune da bandeji a ka kamar sabon alhaji, dattawa suka yi ta tambayata me ya yi miki da zafi haka, mutumin da ba a taɓa jin kanku ba. Amsar tana bakina, rantsuwa ta danne ta. Na sunkuyar da kai na ce sharrin shaiɗan ne, aka ce in ba shi haƙuri, na durƙusa a gaban maza fiye da goma na ba shi haƙuri. A hanyar fita ya raɗa mini cewa wannan jinin sai ya fitar da irinsa a kaina, kuma na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Ranar na bi yayana Wurno da yarana, a mota na buɗe masa bayana da kafaɗata ya gani, sai da direba ya tsaya saboda yadda yayan nawa yake kuka yana dukan kujera. Maganar Gwaggo ce kaɗai ban gaya masa ba.

Mun aika a ba ni takardata, ya aiko cewa ba ya saki, in na matsu in sa hannu in bar masa filin fadamar nan a matsayin fansar kaina, in ba haka ba in koma ɗakina. Nan yayana ya ce sai kotu. Dangi suka taso mana, wai ina aka taɓa ɗaukar lauya a kan ɗan uwa, wai so nake in wargaza zumunci, wata innarmu har ta ce ai mai fasa kan miji ba ta da bakin kai ƙara. Farko ma wani muka haɗu da shi a bakin kotu da jaka da farin gilashi, ya ce a sati ɗaya zai kashe auren, daga baya muka ji ashe ko takardar lauya ba shi da ita, rubuta wa mutane ƙara yake yi. Sai wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta haɗa ni da wata barista mace a Sakkwato, yayana ya sayar da ragonsa muka je. Mace ce mara wasa, ba ta yi mini alƙawarin komai ba, abin da ya sa na yarda da ita kenan.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda zan gane, in na yi kuskure malaman guruf ku gyara. Ta ce hanya uku ce, ko shi ya sake ni da kansa, ko in yi hul'i in ba shi wani abu in fanshi kaina, ko kuma in tabbatar wa alƙali cewa ana cutar da ni, kamar duka ko hana ci da sha da makamantansu, alƙali ya raba auren ko mijin bai so ba, kuma ba zan ba da komai ba. Na ce ai ta ukun nan ce tawa, na kwance leda na ajiye mata haƙorina a kan tebur ina jin kaina kamar Hajo. Ta dube shi ta ce, “Hajiya, haƙori ba ya magana. Wa yag gani? Wa yaj ji?” Ta tambayi katin asibiti babu, hoto babu, ta ce to ko maƙwabta, don wani lokaci in abu ya yaɗu a unguwa kowa ya san ana dukan mace, alƙali yana iya saurarar wannan. Na ce maƙwabtana ƙofa da turmi da bayi suka sani, daga bakina suka ji. Da na gaya mata na durƙusa na ba da haƙuri a gaban dattawa, ta cire gilashinta ta dafe kai. Ta ce yadda abin yake yanzu, shi ke da shaidu gari guda a kan na fasa masa kai, ni ba ni da kowa. A lokacin na gane Hajo ba da haƙori ta ci shari'a ba, da ihunta ta ci.

Ta ce in yi tunani da kyau, ba wanda ya taɓa gani da idonsa ko sau ɗaya? Kuka ya ƙwace mini, kafin in ankara na faɗa mata maganar hannun Gwaggo, rantsuwar ta fara karyewa tun a ofis ɗin nan. Ta ajiye biro ta ce wannan ita ce shari'ar gaba ɗaya, uwa ta tsaya ta ce ɗanta yana dukan matarsa shekara da shekaru, ita ke gasa ta, har ita ma ya karya ta, da wuya alƙali ya kau da kai. Ta aika aka nemo tsohon maɗorin, ya ce zai faɗi cewa bugun icce ne, amma shi bai ga wanda ya buga ba kuma ba zai ƙara ko kalma ba. Maganarsa ba ta tsayawa sai da ta Gwaggo. Barista ta ce za a iya kai mata sammaci ko ba ta so, amma ba za ta yi ba sai na ce a yi, kuma ko da hakan ba ta ba ni tabbacin nasara ba.

Na san za ku ce rantsuwa tana da kaffara, na sani, na tambaya, ba ita ke hana ni barci ba. Za ku ce kuma in bar masa filin in tsira da raina, na yi wannan tunanin har na gaji. Filin nan shi kaɗai mahaifina ya bar mini, da shi nake sa ran ciyar da yaran nan, kuma in na ba shi an rufe magana kenan a kan ni ce mahaukaciyar da ta fasa kan mijinta ta biya ta fita, 'yata za ta girma ana nuna ta da wannan. Barista ma ta ce mai irin wannan hali in aka ba shi fili yau, gobe yana iya cewa bai isa ba. Abin da ke cina shi ne Gwaggo. In aka sa ta a gaban alƙali, ko ta yi ƙarya bayan an rantsar da ita, tsohuwar da ba ta wasa da sallah, ko ta faɗi gaskiya duniya ta ji ɗanta ya doke ta. Kuma in an tashi daga kotu ni Wurno zan koma, ita gidan nan za ta koma, ɗakinta yana kallon nasa.

Jiya Laraba da hantsi ina shanya sai ga sallamarta, ita kaɗai ta hau motar haya ta zo, ba wanda ya sani. Hannun ya warke a karkace, ba ta iya daka, zaninta ma a gefe yake ɗaure don da hannu ɗaya take ɗaurawa. Ta rame. A ƙasan idonta na hagu akwai wani baƙin tabo sabo, na tambaye ta, ta ce ƙofa ce. Ni ta gaya wa ƙofa, ni da muka ƙirƙiro ƙofar tare. Na fashe da kuka na ce ba za ta koma ba, yayana ya ce ga ɗaki ta zauna har ƙarshen ranta, ta ce a'a, ta bar tukunya ba a ɗora ba, in ya dawo gona bai iske abinci ba wa zai ba shi.

Ashe labari ya kai mata cewa lauya tana neman shaida. Ta sa yaran a cinya ta daɗe tana shafa kansu, sannan ta ce, “Na yahe miki rantsuwa. Ki rubuta sunana, in alƙali ya tambaye ni ba ni yin ƙarya, na gaji da ita.” Zuciyata ta yi sanyi na minti ɗaya. Sai ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Amma ki sani ɗiyata, ran da nif faɗi haka gaban jama'a na yi mai baki ko ban so ba. Ba mai ƙara ba shi hannu masallaci, ba mai sayen albasa tai, ba shi ƙara ganin daidai. Kuma shi kaɗai gare ni. Mi kika so in yi, ku biyu duk ni nir rene ku.” Na raka ta tasha kafin la'asar, da za ta hau mota sai da na tallafa ta saboda hannun, ta ce in gaishe da barista.

Tun jiya takardar tana gabana, na rubuta lamba ɗaya na sa sunan maɗori, lamba biyu tana nan fayau. Ina son matar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ina jin haushinta, don ita ta koya mini cizon zani, ita kuma ta sa hannunta inda kaina ya kamata ya kasance. Wani sa'in in ce in aka tona shi wataƙila ita ma ta tsira, dangi su ɗauke ta daga gidan ko ba ta so. Wani sa'in in ce ranar da ta dawo daga kotu ita kaɗai ce a tsakar gidan nan da shi da ƙotar fartanya, babu ni babu tabarya.

Don Allah malamai da lauyoyin da ke cikin zauren nan, akwai hanyar da alƙali zai ji ta bakinta ba a gaban jama'a ba? Akwai yadda za a hana ta komawa gidan in ta ƙi? Ko in bar masa filin in ɗauki sunan mahaukaciya, ita ta tsira da ɗanta, in har wannan zaman tsira ne? Masu cewa in yi haƙuri in koma ku huta, kaina ɗaya ne kuma ya riga ya faɗi abin da zai yi da shi. Zan riƙa karanta kwament ta wayar yayana. Ta ce in rubuta sunanta, ta yafe mini, amma na ga idonta lokacin da take faɗi. In ke ce, 'yar uwa, kuma ita ta goye ki, za ki rubuta?